Lydia Ko: Kofi a Hannu, Aljihu Babu Ko Sisi

A watan Agustan 2012, a kusa da Vancouver ta ƙasar Kanada, wata yarinya mai tabarau, 'yar shekara 15, ta kayar da manyan 'yan wasan golf mata na duniya. Kofi kam ta ɗaga, amma dala 300,000 da aka ware wa zakara, Inbee Park da ta zo ta biyu ce ta tafi da su. Haka dokar take a lokacin: wanda bai mai da golf sana'a ba, ba ya taɓa kuɗin gasa. Shekara na zagayowa ta sake lashe gasar, ta sake komawa gida hannu rabbana.

Sunanta Lydia Ko. A Seoul aka haife ta a 1997, iyayenta suka yi ƙaura da ita New Zealand tana ƙarama. A filin Pupuke da ke Auckland ta koyi riƙe sanda a hannun Guy Wilson. Da ta shiga sahun ƙwararru a Oktoban 2013, dole hukumar golf ta mata, LPGA, ta ɗage mata sharaɗin cika shekara 18. A Fabrairun 2015 ta zama ta ɗaya a duniya tana da 17, matsayin da Tiger Woods bai taka ba sai da ya kai 21. A Satumba ta ci babbar gasar Evian a Faransa, ta gama ramuka 18 na ranar ƙarshe da bugu 63 kacal.

Sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A ƙarshen 2016 ta rabu da kocinta David Leadbetter, ta sauya mai ɗaukar mata jaka, ta sauya sandunan ma. Daga Yulin 2016 zuwa Afrilun 2021 gasar LPGA ɗaya tak ta ci. A ganina nan ne ainihin labarin, domin yaron da aka saba tafa wa, shirun 'yan kallo ya fi zagi yi masa ciwo, kuma da yawa daga nan suke ajiye sanda.

Ita ba ta ajiye ba. Tana da azurfar Olamfik ta Rio, ta ƙara da tagullar Tokyo, sannan ranar 10 ga Agustan 2024 ta rataya zinare a Faransa. Wannan zinaren ne ya cika mata maki 27 da LPGA ke nema kafin a sa mutum a zauren gwarzayenta, tana da shekara 27. Mako biyu bayan nan ta je St Andrews, tsohon gidan golf a Sukotlan, ta ɗauke kofin can ma.