Haya Ce Ba Saye Ba: Nazarin Tsadar Riƙe Sunan Adireshin Intanet ga Fataken Amfanin Gona a Arewacin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta auna abin da riƙe sunan adireshin intanet yake ci a tsawon shekaru, ta kuma nuna cewa irin kuɗin da ake biya da shi ya fi farashin shekarar farko tasiri.

Gabatarwa

Sunan adireshi shi ne laƙabin da ake samun mutum ko kamfani da shi a intanet, wanda yake ƙarewa da irin su .com ko .ng, kuma hayarsa ake yi shekara-shekara. Masu rajista sukan tallata rangwamen shekarar farko, alhali manoman Dambatta da Bichi da Dawakin Tofa sun daɗe da sanin cewa gonar haya tana fita hannu ranar da aka kasa biya.

Hanyar Bincike

An kwatanta farashin sari na kamfanin Verisign na Amurka, mai kula da .com, da canjin dala na hukuma a Nijeriya.

Sakamako

A farkon 2023 farashin sarin .com dala 8.97 ne, ana kuma canjin dala a kusan naira 460, wato kimanin naira 4,100. A Satumban 2024 farashin ya kai dala 10.26, ƙarin da bai wuce kashi 15 cikin ɗari ba, amma da yake an saki naira ta nemi darajarta a kasuwa tun Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500, sai kuɗin ya zarce naira 15,000. Ke nan galibi faɗuwar naira ce ta sa hayar ta ninka kusan sau huɗu. Falken da ya buga adireshinsa a buhunan riɗi da zoɓon da yake lodi a kasuwar Dawanau ba shi da damar sauya suna ba tare da ya rasa abokan ciniki ba, kuma idan wa'adin biyan hayar ya faɗo da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma kuɗi ya tafi ga taki, sunan yana iya kuɓucewa, wani ya yi rajistarsa bayan kwanakin lamuni sun ƙare. Sunan .ng kuwa, wanda ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005 take kula da shi, da naira ake biyansa.

Iyakar Bincike

Ba a lissafa ribar dillalan rajista ba, kuma hauhawar farashi tana iya taɓa .ng shi ma, sai dai hakan bai rushe hujjar ba.

Kammalawa

Wanda cinikinsa da naira yake ya fi dacewa ya riƙe .ng. Wanda kuwa ya zaɓi .com don masu saye na ƙetare, ya kyautu ya biya shekaru da dama lokaci guda da kaka, tun da ƙa'ida ta yarda a biya har shekara goma.