Darasin jinsi ba baƙo ba ne a gidanmu

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, duk sanda aka ambaci kwas ɗin nazarin jinsi sai ka ji wani cikinmu ya ce: "Ai kayan Turawa ne, so ake a ɓata mana mata." To, mu ɗan waiwayi tarihinmu.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a littafinsa Nurul Albab, ya caccaki malaman da ke koyar da almajirai amma su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa 'Yan Taru: mata su zo daga ƙauyuka ƙarƙashin shugabarsu da ake kira jaji, su ɗauki karatu, su koma su koyar. Duk wannan kafin Lugga ya ci Sakkwato a 1903.

Daga baya muka ja da baya. A zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu sun kaɗa ƙuri'a, namu kuwa sai a 1976 aka ba su dama. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri da duka kan wannan fafutuka.

Ko a jami'o'i ma ba a bar mu a baya ba. Daga wani taro a ABU Zariya cikin 1982 aka samu ƙungiyar WIN. FOMWAN ta kafu a Minna a 1985. Cibiyar binciken al'amuran mata ta nan Jami'ar Ibadan, wadda Farfesa Bolanle Awe ta jagoranta, sai a 1987 ta zo.

Shin kwas ɗin yana canza hali? A iya abin da na gani, zangon karatu ɗaya ba ya wanke zuciyar mai raina mata. Amma yana ƙwace masa hujjar nan ta "haka muka gada". Wanda ya san Asma'u da Gambo, da wuya ya miƙe a taro ya ce mace ba ta da ta cewa.

Mu dubi ƙungiyoyinmu na ɗaliban Arewa. Mata ne ke girkin walimar sallah, amma in zaɓe ya zo sai a tura su kujerar walwala. Zaɓe na gaba, in 'yar uwa ta cancanci shugabanci, wace hujja za mu kawo?

Allah ya sa mu gane.