Sanin Doki Kafin Zuwan Turawa

Sau da yawa in ana zancen sukuwa, sai a ɗauka Turawa ne suka koya mana gane dokin da zai zo na ɗaya. Ni dai ban yarda ba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji (1390-1410) yakan aika wa Sarkin Kwararrafa dawaki, shi kuma ya aiko masa da bayi. Mai irin wannan musaya kuwa tilas ya san doki.

Ragowar wannan ilmi na tarar a garinmu Zakirai. Kafin sukuwar Sallah, kakana, Allah ya jiƙansa, yakan buɗe bakin doki ya duba haƙora don sanin shekarunsa. Ya dubi faɗin ƙirji da hanci saboda numfashi, ya ɗaga kofato. Sannan ya tambayi mai kiwonsa yawan harawa da dawar da yake ci. Akawali ne ko kili, wannan bai dame shi ba.

Abin da Turawa suka kawo bayan 1903 shi ne Filin Sukuwa na Kano, da awon nisa, da rubuta sakamako. Kakana bai rubuta kome ba. Tsofaffi irinsa kuwa ƙalilan suka rage. Wajibinmu ne, mu ɗalibai, mu je mu tambaye su tun suna raye.