Shiva: Zaman Makokin Yahudawa da Finafinan da Aka Gina a Kansa

Shiva zaman makoki ne na kwana bakwai da Yahudawa ke yi da zarar an binne mamaci. Kalmar ta Ibrananci ce, ma'anarta bakwai, kuma tushenta ɗaya da sab'a ta Larabci, dangin kalmar da ta ba Hausa saba'in. Zaman yana hawa kan makusanta ne kaɗai: uba, uwa, ɗa, 'ya, ɗan'uwa, 'yar'uwa, da miji ko mata.

Al'adar tsohuwa ce ƙwarai. Littafin Farawa, sura ta 50, ya ba da labarin makokin kwana bakwai da Yusufu ya yi wa mahaifinsa Yakubu, littafin Ayuba kuma ya ambaci abokansa da suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Malaman Talmud, babban kundin shari'ar Yahudawa, ne suka shimfiɗa hukunce-hukuncen dalla-dalla, musamman a babin Mo'ed Katan. Daga baya malami Yusuf Karo ya tattara su a kundinsa Shulhan Aruk, wanda aka fara bugawa a Italiya a 1565.

Wanda ya rasa mahaifi ko mahaifiya yakan yaga rigarsa ta ɓangaren hagu, daidai zuciya. In an dawo daga maƙabarta, maƙwabta ne ke kawo abincin farko, galibi da dafaffen ƙwai. A rufe madubai, a kunna kyandir da zai ci har kwana bakwai, masu makoki su zauna a ƙasa ko kan gajerun kujeru. Ba aski, ba takalmin fata, ba fita neman abinci. Mai zuwa ta'aziyya ba ya fara magana sai mai rashi ya buɗe baki. Mutum goma sukan taru a gidan don a karanta addu'ar Kadish, wadda 'ya'ya ke ci gaba da yi wata 11. Manufar duk wannan ita ce a sauke wa mai rashi nauyin duniya, jama'a su ɗauke masa.

Zamani ne ya sauya yanayin zaman. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan biyu sun yi ƙaura daga gabashin Turai zuwa Amurka. Jikokinsu sun warwatsu birni-birni, da yawa sun yi sako-sako da addini, wasu gidajen ma sun rage zaman zuwa kwana uku ko ɗaya. A irin waɗannan gidaje, shiva ta zama kusan abu ɗaya tilo da ke iya tara 'yan uwa ciki ɗaya da suka daɗe ba sa ga maciji. Masu shirya fim sun ga abin da ke nan: gida ɗaya, kwana bakwai, ba mai ficewa, ga kuma baƙi suna shige da fice suna zuba ido.

A 2007 Alehandro Sfiringal ya fitar da fim ɗin My Mexican Shivah, labarin rasuwar wani dattijo mai suna Moishe a birnin Meziko, inda 'ya'yansa ke ta saɓani yayin da mala'iku biyu ke auna ayyukansa. Wanda ya fi yin suna shi ne This Is Where I Leave You na 2014, da Shon Lebi ya ba da umarni, daga littafin Jonatan Turofa na 2009. 'Ya'ya huɗu na gidan Altman sun dawo bayan rasuwar uba, uwarsu, wadda Jen Fonda ta fito a matsayinta, ta ce wasiyyarsa ce su yi shiva, alhali mutumin bai yi imani da Allah ba. Kowa ya zo da damuwarsa: wannan aurensa ya mutu, wancan na neman haihuwa, auta kuwa bai san ciwon kansa ba, ga rigimar kantin kayan wasanni da uban ya bari. Daga baya ta bayyana cewa uwar ce ta ƙirƙiro wasiyyar. Fim ɗin yana da ban dariya da taushi, amma ya ɗauki al'adar a matsayin katangar da ke tsare mutane kawai, bai kula da ma'anarta sosai ba.

Fim ɗin da ya shiga cikin al'adar da gaske shi ne Shiva na 2008, wanda Ronit Elkabez da ƙanenta Shilomi suka shirya a Isra'ila, aka kuma nuna shi a bikin finafinai na Kan a Faransa. Mamacin a nan ɗan'uwa ne, ba uba ba. Dangin Yahudawan Maroko ne, labarin kuma yana faruwa lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991, ana jiniya ana sanya abin kare fuska daga iska mai guba. Suna kwana jere a ƙasa, suna cakuɗa Ibrananci da Larabcin Maroko da Faransanci, suna kiyaye kowace ƙa'ida, amma bashin masana'antar iyali da tsofaffin ƙulle-ƙulle suna cin su a ɓoye har su fashe. Shi ne na biyu a jerin finafinai uku da 'yan uwan suka yi kan wata mace mai suna Bibiyan, kafin rasuwar Ronit a 2016.