Timolol na shafawa

Timolol na shafawa magani ne da ake sanyawa a kan fata domin rage girman wani irin tabon haihuwa na jarirai da likitoci ke kira hemanjiyoma. Asalin maganin na ɗigawa ne a ido ga masu fama da gilokoma, wato hawan jinin ido, kuma an amince da shi don wannan aiki a Amurka tun shekarar 1978. Yana cikin rukunin magungunan da ke toshe tasirin sinadarin adiranalin a jiki, waɗanda ake kira beta-bloka. An fara amfani da shi a kan fatar jarirai ne a shekarar 2010.

Tabon da ake yi wa maganin

Hemanjiyoma ƙari ne da ke samuwa idan ƙananan jijiyoyin jini suka yi ta yawaita a waje ɗaya. Ba ciwon daji ba ne. Yana fitowa ga kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na jarirai, kuma an fi ganin sa a jikin 'ya'ya mata, da bakwaini, da waɗanda aka haifa ba su da nauyi. Sau da yawa ba a ganin komai a ranar haihuwa, sai bayan 'yan makonni tabon ya bayyana, musamman a kai ko a wuya. Yakan yi saurin girma a watannin farko, yawanci har zuwa wata 5, daga nan sai ya fara janyewa a hankali cikin shekaru.

Wanda ke saman fata ja ne jawur, ya ɗan taso. Wanda ke can ciki kuwa yakan zama kumburi mai launin shuɗi-shuɗi. Mafi yawansu kan baje da kansu ba tare da magani ba, amma wasu kan bar tabo ko sakwarkwacewar fata, wasu kuma su fashe su zama gyambo.

Tarihi

A shekarar 2008 ne likita Christine Léauté-Labrèze da abokan aikinta a birnin Bordeaux na ƙasar Faransa suka ba da rahoton cewa hemanjiyomar wani jariri ta ragu bayan an ba shi furofaranolol saboda matsalar zuciya. An buga rahoton a mujallar New England Journal of Medicine. Kafin lokacin, magungunan sitiroyid ne aka fi dogara da su. A 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da furofaranolol na sha mai suna Hemangeol don wannan cuta.

Tunda maganin sha yana ratsa dukkan jiki, sai likitoci suka nemi wanda za a shafa a kan ƙananan tabo kawai. A 2010 Suqin Guo da Nina Ni suka wallafa labarin wani jariri mai hemanjiyoma a fatar ido wanda ya samu sauƙi da ruwan timolol. A 2019 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta bayyana a cikin ƙa'idojinta cewa likita na iya rubuta timolol ga hemanjiyoma marar kauri da ke saman fata.

Yadda yake aiki

Masana na ganin maganin yana aiki ta hanyoyi uku. Da farko yana matse jijiyoyin jini, shi ya sa jan tabon ke fara dusashewa kuma ya yi laushi. Bayan haka yana rage sinadaran da ke sa sababbin jijiyoyi su tsiro. A ƙarshe yana taimakawa wajen mutuwar ƙwayoyin halittar da suka yi yawa a wurin.

Yadda ake amfani da shi

An fi amfani da mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, ko dai ruwa ko kuma mai kauri kamar jel. Yawanci ana sa ɗigo ɗaya sau biyu a rana, a murza shi da yatsa a kan tabon, a ci gaba har tsawon watanni. Ya fi tasiri a kan ƙaramin tabo marar kauri, domin ba ya ratsawa can cikin fata.

Sakamakon bincike bai zo ɗaya ba. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a 2013, ya nuna tabon jariran da aka shafa wa jel ɗin ya fi raguwa. Wani nazari na 2016 a kan yara 731 ya nuna maganin ya fi amfani ga tabo marar kauri, kuma illolinsa kaɗan ne. Sai dai gwajin da aka yi a Sifaniya, aka buga a 2021, bai ga babban bambanci ba wajen ɓacewar tabon gaba ɗaya bayan mako 24.

Illoli da gargaɗi

Duk da cewa shafa shi ake yi, wani ɓangare na maganin kan shiga jini. Hakan na iya jawo raguwar bugun zuciya, faɗuwar ƙarfin jini, ƙarancin sukari a jini, wahalar numfashi da rashin barci mai kyau. Haɗarin ya fi yawa ga bakwaini da jarirai marasa nauyi, da kuma idan an sa shi a kan gyambo, ko leɓe, ko kusa da ido, ko wurin da kunzugu ke rufewa. Ana kauce masa ga yara masu asma ko wasu cututtukan zuciya. Saboda haka likita ne kaɗai ya kamata ya rubuta shi bayan ya duba jaririn.

Inda bai wadatar ba

Idan hemanjiyoma tana barazana ga gani, ko numfashi, ko shan nono, ko kuma tana da girma a fuska, furofaranolol na sha ake bayarwa, kuma jinkiri na iya barin lahani na dindindin. Jariri mai tabo 5 ko fiye a fata ana yi masa hoton hanta, domin akan samu irinsa a can. Timolol ba ya warkar da shimfiɗaɗɗen jan tabon da ake haihuwar yaro da shi wanda ba ya bajewa, wannan da hasken leza ake yi masa magani.