Yadda kwamfuta ta koyi zaro shekara daga kwanan wata

Idan ka tambayi dattijo a Fammar ko Rano shekarar haihuwarsa, da wuya ya ba ka lamba. Cewa zai yi an haife shi ana yaƙin basasa, ko kuwa ya yi wayo shekarar da naira ta maye gurbin fam, wato 1973. Haka ma littafin Tarihin Kano yake lissafi, da tsawon zamanin kowane sarki. Sai da H. R. Palmer ya fassara shi a 1908 aka jera wa sarakunan shekarun miladiyya.

Ita ma kwamfuta ta daɗe kafin ta san kwanan wata. A 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin ajiye bayanai a jadawali, layi-layi. A 1974 Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙiro harshen da ake yi wa irin wannan rumbun bayanai tambaya da shi, wanda daga baya ya zama SQL. Ƙa'idarsa ta farko, ta 1986, ba ta ware wa kwanan wata gurbi ba. Kowane kamfani ya shiga yin nasa, wasu ma lamba biyu kawai suke rubutawa don tsimin wuri, 73 maimakon 1973. Wannan tsimin ne ya tayar da hankalin duniya gab da shekarar 2000.

Gyaran da aka yi wa ƙa'idar a 1992 ya kawo DATE, gurbi na musamman mai shekara da wata da rana, tare da umarnin EXTRACT, wanda ke zaro duk wanda ake so cikin ukun. Amma tsohon hali zanen dutse ne: masu amfani da manhajojin MySQL da SQL Server sun saba da umarnin YEAR, SQLite kuwa strftime yake amfani da shi har yau.

Da irin wannan umarni ake iya ware masu shekara 18 a rajistar zaɓe, ko a ƙirga jariran da aka yi wa rajista bana. Sai dai gurbin DATE ba ya karɓar shekara ita kaɗai. Shi ya sa mai cike takarda, idan dattijo ya ce masa ana yaƙin basasa, yakan zaɓi shekara guda tsakanin 1967 da 1970, ya ƙara mata 1 ga Janairu. Daga ranar, duk wanda ya tambayi kwamfuta, wannan shekarar za ta zaro masa.