Tazarar da ido ke aunawa

A zamanin haruffan dalma, kowane harafi yana zaune ne a kan ɗan sandan ƙarfe mai kusurwa huɗu, mai jera haruffa kuwa sanda yake jingina wa sanda. Daga nan matsala ta taso, domin siffar harafi ba ta cika gurbinta. A ajiye A kusa da V, sai rami ya buɗe tsakaninsu ko da sandunan sun manne, H da I kuma su fito kamar a matse. Tazarar da ma'auni ya ce daidai take, ido yakan ƙi yarda da ita, kuma tarihin ɗab'i ya nuna cewa ido ne ke da gaskiya.

Gutenberg ya gane haka tun farko. Baibul ɗin da ya buga a Mainz wajen 1455 ya ci siffofin haruffa kusan 290, har da haɗaɗɗu da gajerce-gajerce, don layukansa su cika kamar na gwanin marubuci. Maƙeran haruffa na baya sun riƙa rage ƙarfen da ke ƙarƙashin f, kansa ya leƙa bisa maƙwabcinsa, da suka ga yana karo da ɗigon i yana karyewa sai suka zuba f da i a sanda guda. Injin Linotype na Ottmar Mergenthaler, wanda jaridar New York Tribune ta fara aiki da shi a 1886, ya kawo sauri amma ya ƙwace wannan dabara. Layi sukutum yake zubawa, ba harafin da zai leƙa kan wani, dole aka tsuke f. Tafireta ma ba a magana: i da m faɗinsu ɗaya.

Mai musu zai ce jama'a sun yi shekaru da dama suna karanta jaridun Linotype ba wanda ya koka, don haka wannan fitinar masu sana'a ce kawai. Da ƙamshin gaskiya a maganar, musamman a ƙananan haruffa, inda mai karatu ke wucewa da sauri. Sai dai rashin kuka ba ya nufin ido bai lura ba. Jamusawa masu buga littafi da haruffan Fraktur sun riƙa buɗa tazara a cikin kalma idan suna son jaddada ta, dabarar da ba za ta yi aiki ba in mai karatu ba ya ganin tazarar. Da ɗab'i ta hanyar hoto ya 'yantar da harafi daga ƙarfe, masu tsara talla a shekarun 1970 suka matse haruffa har r da n suka soma kama da m.

Rubutun Larabci, da ajaminmu, sun bi wata hanya dabam. Yawancin haruffansu a sarƙe suke, buɗa su yanka kalma ne, shi ya sa marubuci ke jan layin da ya haɗa su idan yana son cika sahu. Boko kuma da nasa ciwon kai. Kwamfuta ta iya gyara tazarar A da V da kanta, amma idan salon haruffan da aka zaɓa ba shi da ɓ, ɗ ko ƙ, sai ta aro su daga wani salon mai faɗi dabam, kalma kamar ƙarƙashi ta fito da haruffa biyu baƙi a jikinta.